Abincin Bakteriyar Hanji: Me Ke Faruwa da Wake da Albasa a Cikinmu?

Mene ne firibayotik, kuma me ya raba shi da sauran abinci?

Yawancin abin da muka ci, ƙaramin hanji ne yake narkar da shi ya tsotse amfaninsa. Amma akwai wani ɓangare na abincin tsiro da ruwan narkar da abinci na ɗan Adam ba ya iya fasawa, wato faiba. Shi yakan wuce yadda yake zuwa babban hanji, mai tsawon kusan mita 1.5, inda bakteriya tiriliyan-tiriliyan suke zaune. Nau'in faibar da bakteriya masu amfani suka fi ci, har jiki ya ƙaru da hakan, shi ake kira firibayotik. Masana biyu, Glenn Gibson da Marcel Roberfroid, su suka raɗa wannan suna a 1995. Ba kowace faiba ce ta cancanci sunan ba. Wata aikinta kawai ƙara wa bayan gida auki da laushi.

A wane abinci ake samun sa a nan Legas?

Duk wanda ya leƙa kasuwar Mile 12 ya ga buhunan albasar da 'yan Arewa ke saukewa, to ya ga firibayotik buhu-buhu. Albasa da tafarnuwa suna da wani nau'in firibayotik mai suna inulin da danginsa, alkama ma tana da shi. Wake yana da wasu nau'o'in sukari, rafinos da sitakiyos, waɗanda bakteriya kaɗai ke iya ci. Sai sitaci mai ƙin narkewa, wanda ke cikin ɗanyar agada da ayabar da ba ta nuna ba, kuma yana ƙaruwa a shinkafa ko dankalin da aka dafa ya huce. Agada tana nuna, sitacin yana komawa sukari, amfanin yana raguwa.

Inda ake asara shi ne wajen gyara. Koko da aka tace aka zubar da dusa, burodin Agege na farar fulawa, taliyar leda, duk an raba su da yawancin faibarsu. Ɗan acaɓa ko mai gadi da ya karya da shayi da burodi, ya ci taliya da daddare, ya cika cikinsa amma ya bar bakteriyarsa da yunwa.

To idan faibar ta isa babban hanji, sai me?

Sai a shiga tsima. Babu iskar oksijin a wurin, don haka bakteriya suke fasa faibar kamar yadda gasara ke tsami idan ta kwana. Daga nan ake samun asid guda uku masu gajeren tsari: asitet, furofiyonet da butiret, a kimanin kashi 60, 20 da 20 cikin ɗari. Butiret shi ne babban makamashin ƙwayoyin da suka lulluɓe bangon babban hanji. Da shi suke rayuwa, suna riƙe bangon da ƙarfi. Furofiyonet yawanci hanta ce ke ɗauke shi, asitet kuma ya bi jini.

Aikin na gayya ne. Nau'in bakteriyar da ake kira Bifidobacterium yana cin inulin ya fitar da asitet da laktet, sai wasu bakteriya su karɓi waɗannan su mayar da su butiret. Faecalibacterium da Roseburia na cikin manyan masu samar da shi. Tsamin da ya taru kuma yana takura wa miyagun ƙwayoyi da dama, domin ba sa jure shi.

Idan faiba ta yi ƙaranci, bakteriya sukan koma kan ragowar furotin, su fitar da amoniya da iskar da ke warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wasu ma sukan fara cin majinar da ke kare bangon hanjin.

Me ya sa wake ke kumbura ciki?

Domin tsima tana tafe da iska: haidurojin da kabon dayoksaid, a wasu mutane har da iskar methane. Tusa bayan cin wake alama ce ta bakteriya sun samu abinci. Matsala takan taso ne idan wanda bai saba ba ya yi lodi a zama ɗaya. A jiƙa wake awa 8 zuwa 12, a zubar da ruwan, a dafa shi ya yi luguf. A fara da cokali uku ko huɗu, a riƙa ƙarawa sannu a hankali cikin mako biyu zuwa uku, ana shan ruwa sosai. Mai ciwon hanjin nan da ake kira IBS, wanda ke kawo yawan murɗar ciki da gudawa ko ƙin bayan gida, albasa da wake na iya tayar masa da ciwo, don haka shi da likitansa za su tsara abin da ya dace.

Nawa ya kamata a ci a rana?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla giram 25 na faiba kullum. Giram 100 na dafaffen wake yana ba da kamar giram 6. A haɗa da tuwon dawa ko gero da ba a surfe shi tas ba, miyar kuɓewa ko kuka, kwaɗon zogale, aya da gyaɗa. Canza kala ya fi nacewa kan abu ɗaya, saboda kowace bakteriya da abin da take so.

Nono da kindirmo fa?

Su bakteriya masu rai suke kawowa, kuma galibi baƙi ne da ke wucewa bayan 'yan kwanaki. Firibayotik kuwa masu gida yake ciyarwa. Fura da nono ta haɗa biyun, in an tabbatar da tsabtar nonon.

Shan Flagyl duk lokacin da ciki ya murɗa yana da illa a nan?

Ƙwarai kuwa. Maganin yana kashe bakteriyar da ke rayuwa ba da oksijin ba, kuma masu samar da butiret suna cikinsu. Kada a saye shi a kemis ba tare da umarnin likita ba. Wanda ya ga jini a bayan gida, ko yana ramewa ba dalili, ko gudawa ta ƙi tsayawa, ya tafi asibiti a duba shi, kada ya tsaya gyaran abinci.