Idon Zakara a Jikin Danga: Tambayoyi Kafin Ka Shuka Shi

Yaya zan gane idon zakara idan na gan shi?

Fara da ganye. Ƙanana ne, a jere biyu-biyu a jikin kara ɗaya, kusan irin na tsamiya. Jikinsa siriri ne, ba ƙaya, yana naɗe duk abin da ya samu, danga ce ko reshe. Furensa ya yi kama da na wake, domin danginsu ɗaya, launinsa ja-ja mai haske zuwa shunayya. Amma sai kwanson ya bushe ya tsage ake ganin abin da ya sa mutane ke son sa: 'ya'ya jajaye wur masu sheƙi, kowanne da baƙin ɗigo a gefe guda, kuma suna daɗewa a manne ba su zube ba. Masana tsirrai suna kiransa Abrus precatorius.

Wasu suna rikita shi da minjirya saboda jan 'ya'yanta. Minjirya itaciya ce mai ƙaya da ke tsaye da ƙafarta, ba ta hawa komai.

Da gaske ne yana kisa?

Da gaske ne, kuma wannan ce tambayar da ta fi damuna. A cikin ƙwayar akwai guba mai suna abrin, wadda ke hana ƙwayoyin halittar jiki haɗa furotin, sai su mutu. Har yau babu maganin da ke karya ta. Abin da likita zai iya shi ne ya tallafi jiki da ƙarin ruwa da sauran kulawa. Ɓawon yana da tauri ƙwarai, don haka wanda ya haɗiye ƙwayar ɗungurungum sau da yawa takan fita ba ta fashe ba. Wanda ya tauna ta, ko ya haɗiyi wadda aka huda, shi ke cikin haɗari, kuma ɗaya tak tana iya isa, balle ga yaro.

Abin da ke yaudarar iyaye shi ne jinkiri. Yaro zai tauna da safe, ya ci gaba da wasansa, sai bayan sa'o'i, wani lokaci kwana ɗaya ko fiye, amai da gudawa mai jini su taso. Kada a jira alama. A kai shi asibiti nan take, a tafi da ƙwayar ko reshen don likita ya gani. A shekarar 2011 sai da lambun Eden Project na Ingila ya nemi jama'a su dawo da awarwaron da aka saya a shagonsa, bayan an gano da waɗannan 'ya'yan aka yi shi.

To me ya sa har yanzu ake shuka shi?

Saboda kyau, da kuma jure fari. A Indiya tun da can maƙeran zinariya da 'ya'yansa suke awo, domin nauyinsu kusan ɗaya ne.

Idan na yanke shawarar shukawa fa?

Jiƙa irin a ruwan ɗumi ya kwana, ka sa safar hannu, kada ka huda shi da allura. Ka shuka da faɗuwar damina a ƙasa mai rairayi wadda ruwa ba ya kwanciya, inda rana ke bugawa sosai. Ba ya son taki da yawa. Ka ɗaura masa waya ko gora nesa da mangwaro da lemo, don idan ya samu bishiya lulluɓe ta yake yi. A jihar Fulorida ta Amurka ya tsere daga lambuna ya zama annoba a daji. Saiwarsa tana nitsewa, cire shi daga baya aiki ne. Ka riƙa tsinke kwanson da ke ƙasa-ƙasa, kana share abin da ya zube.

Ni dai ra'ayina a fili yake: gidan da yara ke rarrafe, ko awaki ke yawo, ba wurin idon zakara ba ne.

Akwai wanda zai ba ni launi ba tare da wannan fargaba ba?

Akwai garahuni, wanda muke wucewa a bakin gona ba mu ko kallo. Dangin kabewa ne, yana kama danga da 'yan zaren da ke murɗewa, ganyensa mai yatsu, furensa rawaya. Ɗansa yana farawa kore, ya koma ruwan lemo mai ja, sannan ya fashe ya nuna jan cikinsa. Cikin damina ɗaya yake rufe zana, ya bushe da rani, irin da ya zube ya sake tsirowa baɗi. Shi ma a hana yara cin ƙwayoyinsa, amma ba a haɗa haɗarinsa da na idon zakara. Ka shuka ƙwaya biyu ko uku a rami, ka bar kamu biyu tsakanin ramuka, idan sun tsiro ka bar mafi ƙarfi.