SDG Ba Ƙungiyar Agajin Turawa Ba Ce

Tun zamanin MDG, wato muradun ci gaba da suka gabaci SDG, mutane da yawa a Kaduna in sun ga haruffan MDG ko SDG a jikin asibiti ko rijiyar burtsatse sai su ɗauka wata ƙungiyar Turawa ce ta kawo agaji. Ba haka ba ne. SDG muradu ne 17 na ci gaba mai ɗorewa da ƙasashe 193, har da Najeriya, suka amince da su a Majalisar Ɗinkin Duniya a 2015, wa'adinsu 2030.

Na uku ya shafi lafiya: daga cikin abin da ake so, matan da ke rasuwa sanadin haihuwa a duniya su koma ƙasa da 70 cikin kowace haihuwa 100,000. Gwamnatocinmu ne suka ɗauki wannan nauyi. Saboda haka in babu ungozoma a asibitin unguwarku, ƙaramar hukuma da gwamnatin jiha za ku tambaya, kuma haƙƙinku ne.