Binciken cututtukan ƙwaƙwalwar yara a karkarar Kano da Jigawa

Wannan fanni ya ƙunshi nazarin da likitoci ke yi kan farfaɗiya, shanyewar ɓarin jiki da sauran lahanin ƙwaƙwalwa a yara. A ƙauyukan Kano da Jigawa lahanin kan biyo bayan sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, doguwar naƙuda a gida, ko shawarar jarirai da aka yi jinkirin kai ta asibiti.

Tarihi

Ba a raba tarihin fannin da annobar sanƙarau ta 1996. A lokacin ne kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana da ke Kano, cikin wani gwaji da ya haɗa yara kusan 200. Yara 11 sun rasu, wasu kuma suka kurumce ko suka shanye. Iyaye sun ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar. An sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Ana yawan ambaton lamarin cikin abin da ya janyo ƙin rigakafin shan-inna a 2003, kuma har yau mai bincike da ya shiga ƙauye sai ya fara gaida dagaci da liman, ya karanta wa iyaye takardar amincewa da Hausa kafin a sa hannu ko a dangwala.

Sikila da shanyewar jiki

Nan aka fi samun ci gaba. Wajen farkon shekarun 2010 likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka soma auna gudun jini a jijiyoyin kan yara masu sikila da na'urar Doppler, suna ba waɗanda ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki maganin hydroxyurea. Gwajin SPRING, mai yara 220, wanda aka wallafa a 2022, bai ga bambanci tsakanin ƙaramin awon maganin da matsakaici ba wajen hana shanyewar. Sai dai na'urar a birni take, kuɗin mota kaɗai kan hana uwa daga ƙauye komawa.

Farfaɗiya

Iyaye da yawa kan ɗauke ta aikin iska, su fara da rubutu da hayaƙi; akan kuma guji yaron don tsoron yawunsa, alhali ba a ɗaukar ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya daina faɗuwa idan suka samu magani daidai. Shirin BRIDGE ya horar da ma'aikatan lafiya na ƙananan asibitoci a Kano, Zariya da Kaduna su gano cutar da tambayoyin Hausa, su kuma ba da magani.

Tallafi

Yawancin kuɗin gwajin SPRING da shirin BRIDGE daga NIH, cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, suka fito.