Kogon Movile: ramin da aka gano ba zato a Romaniya

A shekarar 1986 ne, zamanin mulkin Ceausescu, shugaban gwamnatin kwaminisanci ta Romaniya, ma'aikata ke ta haƙe-haƙe a kusa da garin Mangalia da ke gaɓar Bahar Aswad a Romaniya, ana neman wajen da ƙasa za ta iya ɗaukar tashar wutar lantarki. Ɗaya daga cikin ramukan sai ya faɗa kan wani kogo da ba shi da ƙofa ta ko'ina, wanda yanzu ake kira Movile. Cristian Lascu, masanin koguna, shi ya fara sauka, zurfin wajen mita 18, ya tarar da ruwa mai ɗumi da warin ruɓaɓɓen ƙwai, ga kuma ƙwari birjik suna yawo a cikin duhu.

To abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, me waɗannan halittu ke ci? Don galibin koguna abincinsu daga waje yake zuwa, kashin jemage ne ko ganyen da ruwan sama ya kwaso, amma nan yumɓu mai kauri ya toshe saman gaba ɗaya, ko ɗigon ruwa ba ya ratsawa. A wannan shekarar ce ma tashar nukiliya ta Chernobyl ta fashe, burbushinta ya zubo kan ƙasar Romaniya, amma da aka auna cikin kogon ba a same shi ba. Ni dai a ganina babu hujjar da ta kai wannan ƙarfi kan cewa wajen a rufe yake ruf.

Binciken bai yi nisa ba sai bayan da gwamnatin kwaminisanci ta faɗi a 1989. A 1996 masanin halittu Serban Sarbu da abokan aikinsa suka fitar da amsa a mujallar Science, wato bakteriya ne ke haɗa abincin da kansu, ba da hasken rana ba, da iskar farar wuta da ta methane (iskar gas mai kama wuta) da ke tasowa daga ruwan ƙarƙashin ƙasa. Suna yin wata yana a saman ruwan irin wadda ke kwanciya kan kunu in ya huce, har da naman gwari a cakuɗe ciki, ƙananan ƙwari su ci yanar, manya su ci ƙananan. An riga an ga irin wannan rayuwa a ƙasan teku kusa da tsibiran Galapagos tun 1977, amma a kan tudu Movile ne na farko.

Iskar ciki kam ba ta mutum ba ce. A wasu lungunan oksijin kashi 7 zuwa 10 ne cikin ɗari, a waje kuwa 21, ga iskar kabon ta ninka ta waje kusan sau 100. Duk da haka an ƙirga nau'in halittu marasa ƙashin baya sama da 50, fiye da 30 daga ciki babu su a ko'ina a duniya sai nan yankin, akwai matsattsaku da kunamar ruwa da gizo-gizo da dodon koɗi, yawancinsu makafi fari fat da dogayen ƙafafu. Ko a 2020 sai da aka tabbatar da wani sabon shanshani mai dafi, Cryptops speleorex, tsawonsa kusan santimita 5, shi ne babban mafaraucin wajen.

Ana yawan cewa kogon ya yi shekara miliyan 5.5 a rufe, to amma fa kada a ɗauka duk tare suka shiga, wasu daga baya suka sulalo ta tsagogin dutse, an ma tsinci wasunsu a rijiyoyin Mangalia. Yanzu dai bakin ramin a kulle yake, sai da izini ake shiga, mutum biyu ko uku na ɗan lokaci, da kaya masu tsabta don kada a kai musu baƙin ƙwayoyin cuta daga waje.