Hutu a Tsohon Otal na Gonakin Inabin Cape: Tambayoyin da Ba Sa Ƙarewa

Wai ina ne wurin?

Afirka ta Kudu, bayan birnin Cape Town. Garuruwa uku ne: Stellenbosch, Paarl da Franschhoek. Daga filin jirgi zuwa Stellenbosch kamar minti 40 ne a mota, Franschhoek kuwa kusan awa ɗaya.

Zan iya kunna turaren wuta a ɗaki?

A'a, Hajiya. Ki bar kaskon a gida. Da yawa daga cikin tsofaffin gine-ginen nan rufin ciyawa ne a kan katako da ya shekara ɗaruruwa yana bushewa, tartsatsi ɗaya ya isa. Ko gobara ba ta tashi ba, na'urar hayaƙi za ta tashi kowa daga barci. Humra da turaren fesawa sun wadatar.

Da gaske tsofaffi ne, ko talla ce?

Gonakin tsofaffi ne. An kafa Stellenbosch a 1679, gonar Boschendal ta 1685 ce, Babylonstoren ta 1692, Faransawan da suka gudo saboda rikicin addini kuma sun sauka Franschhoek a 1688. Amma shekarar da ke jikin allo ta gona ce, ɗakin da za a ba ka yana iya zama ginin bara. Ka tambaya kafin ka biya: babban gidan asali ne ko sababbin ɗakuna? Tsohon gida yana da bango mai kauri da ke riƙe sanyi da rana, amma tagoginsa ƙanana ne, daɓen katako yana ƙara, galibi babu lifta. Mai ciwon gwiwa ya nemi ɗakin ƙasa. Ƙararrawar da za ka gani a tsakar wasu gonakin kuma ba ado ba ce, da ita ake kiran bayi aiki kafin a soke bauta a 1834.

Ni Musulmi ne. Ya zan yi da abinci, kuma ya halatta in kwana a can?

Hukuncin kwana a gonar da sana'arta yin giya da inabi ce, wannan na malaminka ne, ka tambaye shi tun kafin ka sayi tikiti. Wasu suna ƙyamar abin gaba ɗaya, wasu suna bambance kwana da zama a teburin da ake sha. Idan zuciyarka ba ta natsu ba, akwai tsofaffin masaukai a cikin garin Stellenbosch waɗanda ba gonar giya ba ne, duwatsun da iskar duk ɗaya ne.

Abinci kuwa, matsalar ba kwalbar da ke kan tebur ba ce, wannan kowa yana ganinta. Matsalar tukunya ce. Kukun irin wannan otal yakan zuba jar giya a romon nama, farar giya a miyar kifi da wata dahuwar shinkafa, giyar barandi a kayan zaƙi. Kada wani ya ce maka wuta tana ƙone ta duka, wani kaso yana saura ko an daɗe ana dafawa. Da safe kuma ana iya soya ƙwai a farantin ƙarfen da aka soya naman alade.

Saboda haka ka rubuta wa otal mako guda kafin zuwanka, abu huɗu: a kwashe giyar ƙaramin firij na ɗaki, kada a ajiye kwalbar maraba, a dafa naka babu giya a tukunya dabam, sannan a faɗa maka inda suke sayen nama. Ko sun ce naman halal ne, ka sani cewa nama daga mahauci mai takardar shaidar halal ta hukumar MJC ko SANHA abu ɗaya ne, kicin mai takardar abu ne dabam, kuma da wuya kicin da ke sayar da giya ya samu. Mai tsananin taka-tsantsan ya tsaya kan gasasshen kifi, ganye, burodi da 'ya'yan itace, ko ya kama ɗaki mai kicin ya sayo namansa a Cape Town. Abin sha kuwa, akwai Grapetiser da Appletiser, ruwan inabi da na tuffa ne masu gas, babu barasa.

Ka kwantar da hankalinka, ba baƙon abu kake nema ba. Musulunci ya daɗe a Cape: Shehu Yusuf na Makassar ta Indonesiya ya iso a 1694, kabarinsa yana Macassar kusa da Stellenbosch, masallacin Auwal na unguwar Bo-Kaap kuma tun 1794 yake. Akwai masallatai a Stellenbosch da Paarl don Juma'a.

Alƙibla gabas ce ko?

Ba gabas ba ce. Arewa ce, ka ɗan karkata dama, kusan digiri 23. Duba wayarka.

Wane wata ya fi?

Afrilu da Mayu, ko Satumba da Oktoba. Disamba zuwa Fabrairu zafi ne, ga cunkoso, ga tsada. Yuni zuwa Agusta ruwa da sanyi, amma farashi yana sauka, a lokacin sai ka nemi ɗaki mai murhu.

Sai da biza?

Ɗan Najeriya sai da ita, da katin rigakafin shawara. Wannan ma sai an tambaya?

Cajata za ta shiga soket?

Mai ƙafa uku masu faɗi irin ta Najeriya ba za ta shiga ba, ramukansu zagaye ne. Sayi adafta a filin jirgi.

Ni hutu nake so, ba hayaniya ba.

To ka daina kama ɗaki ranar Asabar ba tare da tambaya ba. Gonakin nan suna cin kuɗi sosai da bukukuwan aure, kiɗa yana iya kaiwa tsakar dare. Ka tambaya ko akwai biki a kwanakinka, ko ka zo Litinin zuwa Alhamis. Daga ƙarshen Janairu zuwa Maris lokacin tsinkar inabi ne, taraktoci suna fita tun asuba saboda ana son 'ya'yan da sanyinsu, don haka ka nemi ɗaki nesa da rumbun da ake matse inabi. Kwana uku a wuri ɗaya ya fi kwana ɗaɗɗaya a wurare uku. Idan za ka fita cin abincin dare, ka shirya direban da zai dawo da kai tun da rana, domin motar haya ta waya tana wuyar samu a gona bayan isha'i, kuma a hagu suke tuƙi.