Daƙiƙa 11 a hannun masu tahowa

Mu da ke aiki a sashen gaggawa na asibiti, tun kafin a ba mu labari mukan gane irin haɗarin da aka yi daga yadda aka shigo da mutane. Motar da ta ƙwace ta faɗa rami, mutanenta kan zo da karaya da ƙujewa, suna magana, suna tambayar ina 'yan uwansu. Taho-mu-gama kuwa kamanninta daban: ƙirjin direba ya daki sitiyari, cinyoyi sun karye, fuska ta sha gilashi, wasu kuma ba sa isowa wurinmu da rai. In waɗanda suka tsira suka dawo hayyacinsu, sau da yawa magana ɗaya ce a bakinsu: "Ya fita zai wuce wata babbar mota ne."

A kan wannan fitar nake so mu tattauna, 'yan uwa direbobi. Titin da ya bar gari ya ratsa karkara yawanci falan ɗaya ne, hannu ɗaya na masu tafiya, ɗaya na masu tahowa, ba abin da ya raba su sai farin fenti, wani wurin ma fentin ya goge. A kan wannan titi ne tirela mai kaya da tarakta da babur da keke da mai tafiya a ƙafa da dabbobi ke haɗuwa da ƙaramar motar da za ta iya kilomita 140 a awa. Dole wani ya so wuce wani. Wucewar ba laifi ba ce, amma duk wanda ya fita wucewa aron hannun wasu ya yi, kuma masu hannun suna nan tafe.

Bari mu yi ɗan lissafi, don nan ne na ga ƙwararrun direbobi ma suna mamaki. A ce tirela mai tsawon mita 18 tana tafiya a kan kilomita 70 a awa, kai kuma ka fito kana 90. Ka fi ta gudu da kilomita 20 kacal, wato a kowace daƙiƙa kana cin mita biyar da rabi a jikinta. Sai ka cinye tazarar da ke tsakaninka da bayanta, ka cinye tsawonta, ka ƙara da tsawon motarka, sannan ka ba ta fili kafin ka koma hannunka. Duka-duka mita 60 da ɗoriya ke nan, abin da zai ɗauke ka kusan daƙiƙa 11. A cikin waɗannan daƙiƙoƙi motarka ta shafe mita 275 na kwalta. Mai tahowa, in shi ma 90 yake yi, ya shafe nasa mita 275 zuwa gare ka. Ka ga kana bukatar ganin titi fayau, babu kowa, na fiye da rabin kilomita kafin ka karkata sitiyari, kuma wannan lissafin bai bar maka rarar ko taku ɗaya ba. Ka gwada ƙirga 11 a hankali, ka ji tsawonta. Duk tsawon nan tazarar da ke tsakaninka da mai tahowa tana raguwa da mita 50 a kowace daƙiƙa.

An ce ido ba mudu ba, ya san kima. A nan kam ido yana yaudarar mai shi. Motar da ke can nesa tana fuskantarka, girmanta a ido ba ya canzawa sosai, sai ka ga kamar a tsaye take ko tafiyar hawainiya take yi. Sai ta matso kusa sannan ta kumbura lokaci ɗaya ta cika gilashi. Ido kan ɗan kimanta nisa, amma gudun abin da ke zuwa maka kai tsaye ba ya iya auna shi, ko na direban da ya shekara talatin a kan hanya. Da dare abin ya fi muni. Fitila ɗaya da ka hango kana ɗauka babur ne, tana iya zama babbar mota da ido ɗaya ya mutu, kuma mataccen idon shi ne na ɓangarenka.

Wuraren da ba a wucewa kowa ya san su: kwana, kan tudu da ba ka ga bayansa ba, gada, mararraba, mahaɗar titi da layin dogo, cikin ƙauye, da duk inda layin tsakiya ya miƙe bai yanke ba. Ba don ado aka shafa layin nan ba, a wurin ne aka auna aka ga ido ba ya kaiwa nisan da ake bukata.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗabi'un da direbobi ke ɗauka gwaninta ce. Na farko, manne wa bayan babbar mota kafin a fita. Wanda ya manne ya toshe wa kansa gani, sai ya riƙa leƙo da hancin mota, kuma in ya fita daga gudun tirelar zai fara, ba shi da wurin ɗaukar wuta. Ja baya kaɗan, za ka ga gaba sosai, kuma direbanta zai gan ka a madubi. In kai ba ka hango madubinsa ba, shi ma bai san da kai ba. Sai kuma bin sahu, wato na gabanka ya fita kai ma ka bi shi a wutsiya. Shi ya ga abin da ke gaba, kai bayan motarsa kawai kake gani. Ya auna wa kansa gurbin da zai shige, gurbin mota ɗaya, da zarar ya shige sai ka tsinci kanka ido da ido da mai tahowa. Haka nan sigina ko hannun da direban babbar mota ke yi maka wai ka wuce. Alheri yake nufi, amma bai san ƙarfin injinka ba, bai san yawan kayan da ka ɗauka ba, kuma ma'anar siginar ma takan bambanta daga wuri zuwa wuri, wataƙila shi kwana zai yi. Ka gode masa, ka duba da idonka.

To in ka riga ka fita, sai ga mota ta ɓullo? Yawancin mutane totur suke ƙara takawa, saboda zuciya ba ta son komawa baya. In ba ka kai ga kan tirelar ba, birki ya fi kusa da kai: ka rage, ka koma bayanta, ba wanda zai rage ka da komai. Walƙa fitila da danna hon ba sa ƙara wa titi faɗi. Wanda ake wucewa shi ma yana da nasa nauyin, ya riƙe hannunsa, kada ya ƙara wuta don an zo wuce shi, in ya ga abin zai ƙure ya ɗaga ƙafa ya buɗe gurbi. Na sha jin fasinjoji suna ba da labarin direbobi biyu da suka yi kafaɗa da kafaɗa kowa ya ƙi sassautawa, kamar akwai kyautar da ake rabawa a gaba. Mai tahowa kuma ya rage gudu ya raɓa gefen hannunsa. Kada ya tsallaka ɗaya hannun don kauce wa mai shigowa, domin can ɗin ne shi ma mai shigowar zai nufa a daƙiƙar ƙarshe.

Duk wannan rububin wucewa daga gudu yake tasowa. Mai tafiya daidai da sauran motoci ba ya yawan bukatar wuce kowa, mai gudun wuce sa'a kuwa kowace mota shinge ce a gabansa. Me ake samu? Tafiyar kilomita 50 a kan 100 minti 30 ce, a kan 120 minti 25. Minti biyar, in ma ba ka tarar da wata tirelar a gaba ba, wadda za ta cinye su.

Abin da ake biya kuwa ba daidai yake da abin da aka ƙara ba. Ƙarfin da mota ke ɗauke da shi yana ninkuwa huɗu in gudu ya ninka biyu. Daga lokacin da ido ya ga abu zuwa lokacin da ƙafa ta sauka a kan birki, mutum kan ci kimanin daƙiƙa ɗaya da rabi. A kan busasshiyar kwalta da birki mai kyau, mai gudun 80 yana bukatar kusan mita 70 ya tsaya cak, mai gudun 100 kuwa sai ya kusa mita 100. Ga abin da ya fi tsorata ni a lissafin: in su biyun suka hango yaro a wuri ɗaya, a daidai inda mai 80 ya tsaya, mai 100 yana nan yana gudun kusan 70. In an yi ruwa, ko taya ta suɗe, ko mota ta sha lodi, sai ka ƙara nisa a kan wannan. Da dare kuma ƙaramar fitila ba ta haska nisan da mai gudun 100 ke bukata don tsayawa, wato yana tuƙi ne cikin duhun da bai gani ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ta kuma ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudun motoci yana ƙara haɗarin da ake rasa rai a cikinsa da kashi 4 cikin 100. Ƙasar Suwidin, da majalisarta ta amince a 1997 da manufar kawo ƙarshen mutuwa a kan hanya, ta gina tsarinta a kan abin da jikin ɗan Adam zai iya ɗauka. A ma'auninsu, taho-mu-gama da ta haura kilomita 70 a awa ta fi ƙarfin kariyar mota, ko da sabuwa ce kuma an ɗaura bel. Shi ya sa suka mayar da irin waɗannan tituna da dama masu layi uku, na tsakiya yana zama wurin wucewa ga wannan ɓangare na ɗan nisa, sannan ya koma na wancan, da shingen waya a tsakani. Faransa kuma a watan Yulin 2018 ta sauke iyakar gudu daga 90 zuwa 80 a titunan da ba su da shinge a tsakiya, ko da yake daga baya an bar wasu yankuna sun mayar da 90 a wasu hanyoyin. Inda babu shinge, ƙafar direba ce kawai ta rage.

Dalilin wannan iyaka a asibiti muke ganinsa. A karo ɗaya, karo uku ake yi. Mota ta daki mota ta tsaya. Jikin mutum ya ci gaba da tafiya har ya daki sitiyari ko gilashi ko kujerar gaba. Sannan kayan ciki, ƙwaƙwalwa da hanta da saifa da manyan jijiyoyin jini, su ma su daki ƙashin da ke kewaye da su. Bel yana rage na biyun ƙwarai, yana rage yiwuwar mutuwa da kusan rabi, kuma na kujerar baya da bai ɗaura ba kan zama dutsen da ke faɗa wa na gaba. Na ukun kuwa rage gudu ne babban maganinsa.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba: bayan awa guda ana gudu, jiki kan saba, 80 ta koma kamar 50. Shi ya sa direba ke shiga ƙauye yana ganin ya rage alhali bai rage ba. Maleji za ka duba, kada ka tambayi jikinka.

Fasinjoji, ku ma da ku nake. Wasunku ne ke zuga direba, "taka mana, mun makara", wasu kuma su ga ganganci su yi tsit don kunya. Ba sai an yi faɗa ba. "Malam direba, don Allah a sassauta, ba sauri muke ba" ta isa, kuma in mutum ɗaya ya faɗa, saura su mara masa baya, kada a bar shi shi kaɗai kamar matsoraci.

In kuma ka iso inda aka riga aka yi haɗari, fara da tsare wurin. Ka ajiye motarka nesa da kwalta, ka kunna fitilun gargaɗi, a sa alama can nesa ta ɓangarorin biyu, musamman in kwana ce ko bayan tudu, domin mota ta uku kan zo ta afka wa masu ceto. A kira agaji nan take. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta, a ci gaba da dannewa. Kada a fizgo mutum ta hannu ko a naɗe shi a cusa a mota, sai in wuta ce ke shirin tashi. In dole a ɗaga shi, mutum ɗaya ya riƙe kai da wuya su zauna a miƙe daidai da gadon baya, don an sha kawo mana wanda ya fito daga mota yana motsa ƙafafunsa, ɗaukar da aka yi masa ce ta ƙarasa lakarsa. Kada a ba shi ruwa ko abinci, wataƙila tiyata za a shiga da shi. Wanda kuma ya tashi yana yawo yana cewa shi lafiyarsa ƙalau, shi ma a kai shi a duba. Saifar da ta fashe takan yi awanni tana zubar da jini a ciki kafin mai ita ya yanke jiki ya faɗi.