Mene ne bindiga mai ɗuri ta baki, kuma yaya mafarautan Amurka ke zaɓen mara nauyi?

Bindiga mai ɗuri ta baki, wadda Amurkawa ke kira mazul-loda, ita ce duk bindigar da ake zuba wa albarushi da harsashi ta bakin bututunta, a danna su da sanda har su kai gindi, sannan a tada wutar daga baya. Sunan hanyar ɗuri kawai yake nufi, bai ƙayyade tsufan bindigar ko siffarta ba. Saboda haka ne ake kiran doguwar bindigar katako ta ƙarni na 18 da wannan suna, ake kuma kiran sabuwa mai ƙotar roba da madubin hange da shi, alhali wanda ya gan su a jere ba zai ce dangi ɗaya ba ne. Abin da ya haɗa su shi ne harbi ɗaya suke yi, kuma kafin a sake na biyu sai an tsaya an sake ɗuri, aikin da kan ci kusan rabin minti ko fiye ko da a hannun gwani.

Bahaushe ba baƙon wannan makami ba ne. Bindigar toka da maharbanmu ke shiga daji da ita, wadda wasu ke kira adaka, wasu kuma harba-ka-ruga, wadda kuma ake bugawa a hawan sallah, tana cikin wannan dangi, kuma dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta ware wa bindigogi masu ɗuri ta baki rukuni na musamman. Sai dai akwai babban bambanci a cikin bututu. Bindigar toka sumul take daga ciki, ita kuwa wadda ake farauta da ita a Amurka an yi mata tsagi mai murɗawa tun daga gindi har baki, domin harsashi ya fita yana juyawa, ya miƙe zuwa inda aka auna. Wannan tsagi ne ya sa ake iya saita ta a nisan mita 100 ko fiye.

Ta fuskar tada wuta, iri uku ne ake gani a dazuzzukan Amurka. Mafi tsufa ita ce mai dutsen ƙyastu, wadda dutse ke dukan ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kan ɗan albarushin da ke wani ƙaramin kasko a gefe, wutar ta bi ta wata kafa ta shiga ciki. Wani limamin coci ɗan Sikotilan, Alexander Forsyth, ya yi rajistar dabarar tada wuta da duka a 1807, daga nan aka samu ta biyu, mai 'yar hular tagulla da ake ɗorawa a gefen bututu, irin wadda 'yan'uwan nan biyu, Jacob da Samuel Hawken, suka shahara da ƙerawa a birnin Sen Luwis. Ta uku ita ce ta zamani, wadda Tony Knight ya yaɗa da samfurinsa MK-85 a 1985. A cikinta an sa matashin wutar a bayan albarushi kai tsaye, a layi ɗaya da bututu, kuma yawancin na yanzu suna amfani da matashin wuta mai lamba 209, irin wanda ke gindin harsashin bindigar harbin tsuntsaye. Wutarsa ta fi ƙarfi, danshi kuma ba ya saurin kashe ta. Idan ana zancen bindiga mara nauyi a yau, kusan kullum wannan ta ukun ake nufi.

Dalilin da ya sa mutumin da ke iya sayen bindiga mai harsashi biyar zai koma ga mai harbi ɗaya yana cikin dokokin farauta. Yawancin jihohin Amurka sun ware wasu kwanaki na musamman, dabam da lokacin da kowa ke fita, waɗanda ba a yarda a harbi barewa a cikinsu ba sai da irin wannan bindiga. Mai ita yana samun ƙarin lokaci a daji, ga ƙarancin cunkoson mafarauta. Dabbar da aka fi nema ita ce barewa mai farar wutsiya, wadda ta kusa ƙarewa a wajajen 1900 saboda farautar kasuwa, amma yanzu ake ƙiyasta yawanta da kusan miliyan 30. Bugu da ƙari, dokar tarayya ta sa yawancin waɗannan bindigogi a sahun tsofaffin makamai na tarihi, don haka sayensu ya fi sauƙi, ko da yake wasu jihohi sun ƙara nasu sharuɗɗa.

Kowace jiha da abin da ta yarda a kira bindiga mai ɗuri ta baki a lokacin farautarta, kuma mai hankali nan yake fara dubawa kafin ya taɓa aljihunsa. Jihar Fensilbaniya tana da lokacin farauta bayan Kirsimeti wanda tun 1974 aka keɓe shi ga mai dutsen ƙyastu, ta zamani ba ta shiga. Jihar Kolorado ta yarda da ta zamani, amma ta hana ɗora mata madubin hange, ta hana harsashi mai kwanson roba, ta kuma hana albarushin da aka curo ƙwaya-ƙwaya. Kalifoniya kuwa tun 2019 ta hana farauta da harsashin dalma baki ɗaya. Bindigar da ta dace ƙwarai da wata jiha tana iya zama laifi a maƙwabciyarta.

Batun nauyi shi ne inda masu saye suka fi ruɗuwa. Tsofaffin bindigogin Hawken sukan kai kilo 4.5 ko fiye, alhali na zamani marasa nauyi, irin su Wolf ta kamfanin CVA da Pursuit ta kamfanin Traditions, waɗanda duka a Sifaniya ake ƙera su, suna tsakanin kilo 2.6 da kilo 3 kafin a ɗora musu komai. Ana rage nauyin ne ta hanyar gajarta bututu zuwa inci 24 ko 26, da sirance shi ko feƙe masa kwari a jiki, da yin gidan kunama da alminiyam, da ƙotar roba. Madubin hange da maƙallansa sukan ƙara kusan rabin kilo, abin da mutane da yawa ke mantawa da shi idan suna kwatanta alƙaluman da kamfanoni ke bugawa. Ga wanda zai wuni yana hawan tsaunuka, ko dattijo, ko yaron da ke koyo, ragin kilo ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Ga wanda zai yi tafiyar minti goma ya hau dandamalin da aka ɗaure a bishiya ya zauna jira, kamar yadda akasarin mafarautan gabashin ƙasar ke yi, ribar ba ta taka kara ta karya ba.

Kuɗin da ake biya a madadin rashin nauyin kuwa a kafaɗa ake biyansa. Ƙarfin da ya tura harsashi gaba shi ne ke turo bindiga baya, kuma nauyin bindigar ne ke shanye wani kaso na wannan duka. Idan ɗurin ɗaya ne, bindiga mai kilo 2.7 za ta daki kafaɗa da ƙarfin da ya zarce na mai kilo 4 da kusan rabi. Illar ba ta tsaya ga zafi ba. Maharbin da bindigarsa ta saba dukansa yakan fara runtse ido da zabura kafin ya gama jan kunama, ba tare da ya sani ba, harsashi kuma ya kauce. Ban da wannan, bindiga mara nauyi ta fi rawa a hannu idan mutum yana haki. Don haka a ganina ba a raba zaɓen bindiga da zaɓen ɗuri: wanda ya zaɓi mara nauyi ya riga ya amince da matsakaicin ɗuri, ko ya sani ko bai sani ba.

Faɗin bututun da ya fi yawa shi ne .50, wato rabin inci, kuma shi ne ya fi sauƙin samun kayan ɗuri a kowane kanti. Akwai .45 da .54, amma ga barewa .50 ta wadatar. Abin da ya fi faɗin muhimmanci shi ne saurin murɗawar tsagi, wanda ake rubutawa da alƙaluma biyu. Idan an ce 1:28, ana nufin harsashi na yin juyi ɗaya a cikin inci 28, kuma wannan ne ya dace da dogon harsashi na zamani. Mai 1:66 a hankali take murɗawa, an yi ta ne domin dunƙulen dalma, mai 1:48 kuma tana tsakiya.

Ɗuri abu uku ne, albarushi da harsashi da matashin wuta, kuma a albarushin ne kuskure ya fi hatsari. Akwai baƙin albarushi na asali, wanda ake rarraba shi bisa girman ƙwayarsa: FFg ne aka saba zuba wa .50, FFFFg kuma, mai laushi ƙwarai, na kaskon mai dutsen ƙyastu ne kawai. Akwai kuma magadansa, irin su Pyrodex da kamfanin Hodgdon ya fitar a 1976, da Triple Seven, da Blackhorn 209 da ya zo a 2008, wanda ya fi sauran ƙarancin datti amma ba ya kamawa sai da matashin wuta mai ƙarfi. Mai dutsen ƙyastu ba ta jituwa da waɗannan magada, domin tartsatsinta bai isa ya kunna su yadda ya kamata ba. Ma'aunin da ake amfani da shi sunansa giren, kuma giren 7,000 ne ke cika laba ɗaya, amma abin lura shi ne ana auna albarushin ne da cikar ma'auni, ba da sikeli ba, kamar yadda ake awon hatsi da mudu. Giren 100 na Blackhorn a ma'auni bai wuce kusan giren 70 a kan sikeli ba, saboda haka wanda ya rikita awon biyu zai yi ɗurin da ya wuce ƙima sosai. Albarushi mara hayaƙi na bindigogin yau da kullum kuwa haramun ne a nan, domin yana iya tarwatsa bututun a hannun mai shi, in ban da 'yan samfuran da aka ƙera musamman dominsa.

Kamfanoni na tallan bindigoginsu da cewa suna ɗaukar giren 150, wato ƙwayoyi uku masu giren 50 kowanne, kuma wannan lamba ta ruɗi mutane da yawa suna ɗaukarta a matsayin abin da ya kamata a zuba. Iyaka ce, ba shawara ba. Da albarushi giren 100, harsashi mai nauyin giren 250 yana fita da gudun kusan mita 500 a daƙiƙa, da giren 150 kuma ya kai kusan 600, amma dukan kafaɗa yana ƙaruwa da fiye da rabi, kuma a gajeren bututu wani sashe na ƙarin albarushin a waje yake ƙonewa, ya zama wuta da hayaƙi. Barewa dabba ce mai siririyar fata, kuma yawancin harbin da ake yi mata a dajin gabas bai kai mita 100 ba. Giren 80 zuwa 100 sun ishe ta, kuma sau da yawa a wannan awo ne harsasai suka fi taruwa wuri ɗaya a allon gwaji. Ita ma iyakar ta bambanta da irin albarushi: ta Blackhorn giren 120 ce a ma'auni, garin Triple Seven kuma ana rage shi da kashi 15 cikin ɗari idan ana son ya yi daidai da baƙin albarushi. Littafin da ya zo da bindiga shi ne alƙali.

A ɓangaren harsashi, dunƙulen dalma da ake naɗewa a ƙyalle mai maiƙo nauyinsa kusan giren 177 ne a bindiga mai .50, dukansa da sauƙi, amma ƙarfinsa na saurin zubewa, don haka ba a son a wuce mita 70 zuwa 90 da shi. Dogon harsashin dalma mai cika bututu, jikan wanda Claude Minié na Faransa ya ƙirƙiro a tsakiyar ƙarni na 19, yana da nauyi da shiga jiki, sai dai a bindiga mara nauyi dukansa ba daɗi. Wanda ya fi karɓuwa yanzu shi ne ƙaramin harsashi mai faɗin .45 ko .44, mai giren 240 zuwa 300, da ake sa shi cikin kwanson roba domin ya cika bututu. Kwanson na buɗewa ya faɗi jim kaɗan bayan fita, harsashin ya wuce. Da shi ƙwararre na iya kai mita 150, in ya san yadda harsashinsa ke sauka a wannan nisa.

Idan aka tsaya kusa da mai ɗuri, za a ga ya jingina gindin bindiga a ƙasa, bakinta na kallon nesa da fuskarsa. Yana zuba albarushi daga gora zuwa ma'auni, daga ma'auni zuwa bututu, ba ya taɓa zubawa daga gora kai tsaye, domin ragowar garwashi a ciki na iya kunna gorar gaba ɗaya. Sai ya fara cusa harsashi da gajeriyar sanda mai dunƙulen kai, ya ƙarasa da doguwar har ya ji ya zauna daram a kan albarushi, saboda barin fili tsakaninsu na iya kumbura bututu ko ya fasa shi. A jikin sandar akwai alamar da ya yi daidai bakin bututu, wadda da ita yake gane ko ɗurin ya zauna, ko kuwa ya manta ya yi ɗuri biyu. Matashin wuta shi ne na ƙarshe, ba a sa shi sai an isa wurin jira. Idan aka ja kunama ba ta tashi ba, ana riƙe ta tana kallon gaba na aƙalla minti ɗaya, domin wutar kan makara. Bayan harbi kuma wanki a ranar ya zama dole, tun da dattin baƙin albarushi da na Pyrodex na jan danshi, yana fara cin ƙarfe cikin kwana ɗaya ko biyu.

Iyakar ma'anar sunan kanta tana ci gaba da motsi. A 2020 kamfanin Federal ya fito da FireStick, wani kwanson roba mai awon albarushi a rufe da ake sawa ta gindi a bindigar NitroFire ta Traditions, harsashi kaɗai ake dannawa ta baki. Hukumomin tarayya sun ɗauke ta a matsayin bindiga ta yau da kullum wajen saye, jihohi kuma suka rabu: da yawa sun amince a yi farauta da ita a lokacin masu ɗuri ta baki, wasu kuma suka ƙi, bisa hujjar cewa dokarsu ta ce albarushi da harsashi duka ta baki za su shiga.